Baƙo Ya Share Ɗaki, Mai Gida Bai Gani Ba: Yadda Ake Ƙwato Wurin da Kwamfutar Kwaikwayo Ta Cinye a Laftof

Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon tsaron intanet ko haɗa manhaja ya san wannan kukan. Ɗalibi ya buɗe laftof ɗinsa da safe, sai ya ga layin da ke nuna cikar faifan C ya rikiɗe daga shuɗi ya koma ja. Ya duba hotuna, ba su taka kara sun karya ba. Ya duba finafinai, tun makon jiya ya kwashe su. Da ya bi diddigi sai ya tarar da fayil guda ɗaya tal, wanda sunansa ya ƙare da .vdi, ya kumbura ya kai giga 60. Wannan fayil shi ne faifan Kali Linux ɗin da malami ya ce kowa ya girka don gwaji. Sai ɗalibin ya shiga cikin Kalin, ya goge kayan da suka kai giga 20, ya fito yana murna. Ya sake duba fayil ɗin, ya same shi yadda ya bar shi, giga 60 cif.

Daga nan sai zargi ya tashi. Wani ya ce cutar kwamfuta ce, wani ya ce mai shago ne ya sayar masa da mataccen faifai. Duk ba haka ba ne. Kwamfutar ba ta yi kuskuren komai ba, abin da aka tsara ta ta yi shi ta yi. Wanda ya gane dalilin zai iya ƙwato wurinsa cikin awa ɗaya ko biyu, ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Kwamfuta a cikin kwamfuta

Abin da 'yan harkar ke kira VM, wato kwamfutar kwaikwayo, manhaja ce da ke yin kamar ita cikakkiyar kwamfuta ce mai faifanta da ram ɗinta, alhali a cikin wata kwamfutar take zaune. Masana sun raɗa wa ta gaskiyar suna mai masauki, ta kwaikwayon kuma baƙuwa. Dabarar ta girmi yawancin masu amfani da ita. Kamfanin IBM ya fara aiki da tsarin CP-40 a cibiyar bincikensa da ke Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka tun 1967, ya kuma fitar da VM/370 a 1972, lokacin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki. VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ya sauko da abin zuwa kwamfutar tebur a 1999. Fabrice Bellard na Faransa ya fitar da QEMU a 2003. VirtualBox kuwa kamfanin Innotek na Jamus ne ya sake shi kyauta a 2007, Sun Microsystems ya sayi kamfanin a 2008, sannan Oracle ya sayi Sun a 2010.

A wajenmu abin ya yaɗu ne saboda karatu. Mai koyon tsaron intanet ba zai gwada hare-hare a kan kwamfutar da yake aikinsa da ita ba, dole ya keɓe musu fage. Mai koyon Linux ba ya so ya rabu da Windows. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani a 2023, matasa da yawa suka shiga irin waɗannan darussa. Yawancinsu kuma da laftof na hannu suke aiki, irin wanda ake samu a Fam Santa ko titin Beirut a Kano, mai faifan SSD na giga 128 ko 256. Shi ma wannan adadin bai cika ba a idon Windows: mai 256 yakan nuna kusan 238, mai 128 kuma kusan 119, saboda masu ƙerawa da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024. Idan aka tuna cewa Windows 11 kaɗai na neman faifai mai aƙalla giga 64, za a ga cewa baƙuwa biyu sun isa su hana mai gida wurin shimfiɗa tabarma.

Littafi biyu, lissafi biyu

Lokacin ƙirƙirar baƙuwa akan tambayi mutum irin faifan da yake so. Akwai mai tsayayyen girma: ka ce giga 80, nan take a yanke giga 80 a ajiye. Akwai kuma mai girma a hankali, wanda kusan kowa ke zaɓa: ka ce giga 80, amma fayil ɗin ya fara da 'yan megabait, yana ƙaruwa gwargwadon abin da baƙuwar ta rubuta. A VirtualBox, duk sa'ad da baƙuwar ta taɓa sabon wuri, mai masauki yakan yanka mata fegi na megabait ɗaya. A VHDX na Microsoft fegin yakan kai megabait 32, a qcow2 na QEMU kuma kilobait 64 ne. Ana ba da fegi cikin sauƙi, karɓo shi ne aiki.

Dalili shi ne gogewa a kwamfuta ba wankewa ba ce. Ka ɗauki almajirin da ya gama haddace allonsa. Malam ya ce masa ya wuce wannan wurin, to a lissafin malam allon ya zama fanko, ana iya yin sabon rubutu a kai. Amma muddin ba a kai shi bakin randa an wanke ba, tawadar tana nan, kuma duk wanda ya zo wucewa zai ga allo mai rubutu, ba zai yarda ya ɗauka ba. Haka baƙuwa take yi. Idan ka goge fayil, sunansa kawai take sokewa daga rajistarta, ta rubuta cewa wurin ya zama na kowa. Ainihin bayanan suna kwance inda suke. Mai masauki kuwa ba ya karanta rajistar baƙuwa. Shi dai ya leƙa fegi ya ga rubutu, sai ya ja da baya, don bai san ko abu ne mai muhimmanci ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, baƙuwa ba lallai ta koma kan tsohon wurin da ta soke ba. Sau da yawa sabon fili take nema. Saboda haka mutum na iya sauke fayil na giga 5 ya goge, gobe ya sauke wani ya goge, a cikin baƙuwa lissafi bai canza ba, a waje kuma fayil ɗin ya ƙara giga 10.

Maganin yana da hawa uku, kuma ba a tsallake ɗaya: a yi shara a cikin baƙuwa, a wanke allon da sifili, sannan a kashe ta a sa mai masauki ya karɓe fegin da ya ga fari fat. Yawancin masu cewa dabarar ba ta aiki, hawa na biyu suka tsallake.

Kafin a taɓa komai

Garin neman gira ake rasa ido. Fayil ɗin baƙuwa shi ne komai nata, idan ya lalace aikin wata shida ya tafi. A kashe baƙuwar kashewa ta gaske, ba dakatarwa ba, a kwafe foldarta gaba ɗaya zuwa faifan waje. A nan akwai tarko: filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, ko da filashin na giga 64 ne. Sai an mayar da shi exFAT ko NTFS. A kuma tabbatar filashin na gaskiya ne, don akwai jabu a kasuwa masu nuna girman da ba su da shi, su karɓi kaya su lalata.

Sai maganar wuta. Yayin matsewa manhajar tana ɗauko fegi daga ƙarshen fayil tana cike guraben tsakiya, tana gyara taswirarsu. Idan laftof ya mutu ana tsaka da wannan, fayil ɗin na iya ƙin buɗuwa. Wanda batirinsa ba ya riƙe caji, kada ya fara don kawai an kawo wuta yanzu. Ya bari sai ya samu inda ake da sola ko janareta da ba za a kashe ba.

Hawa na farko: shara

Idan baƙuwar Windows ce, manyan masu cin wuri sanannu ne. Foldar Windows.old, wadda ke ɗauke da tsohon tsarin bayan babbar sabuntawa, takan kai giga da yawa. Windows kan goge ta da kansa bayan kwana 10, amma ana iya riga shi ta hanyar Disk Cleanup, a zaɓi tsabtace fayilolin tsarin. Sai hiberfil.sys, wanda ake tanada don dogon barcin kwamfuta, yakan ci kusan kashi 40 cikin 100 na girman ram. Baƙuwa ba ta bukatarsa, umarnin powercfg /h off yana kawar da shi. Tsofaffin kayan sabuntawa kuma ana rage su da Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup. Kada dai a shiga foldar WinSxS da hannu a ce za a yi goge-goge, wannan hanyar kashe Windows ce.

Idan Ubuntu ce ko Kali ko wata 'yar gidan Debian, duk manhajar da ka girka takan iya barin kwafinta a /var/cache/apt/archives. Umarnin sudo apt clean yana kwashe su, sudo apt autoremove kuma ya cire tsofaffin ƙwayoyin tsarin da kayan da ba a bukata. Littafin da tsarin ke rubuta duk abin da ya faru a ciki yana iya kaiwa giga 4 kafin ya tsaya, ana rage shi da sudo journalctl --vacuum-size=200M. Mai amfani da Docker ya duba docker system df ya ga abin da ya tara, sannan docker system prune ya share, bayan ya karanta gargaɗin da zai fito.

A wajen mai masauki ma akwai shara mai sauƙi da ake mantawa: fayil ɗin ISO da aka girka baƙuwar da shi. Na Windows 11 da na Ubuntu 24.04 kowanne ya haura giga 5. Da yake data kuɗi ce, ba sai an goge ba, a mayar da shi filashi.

Hawa na biyu: wankin allo

Yanzu sai a cike duk wurin da rajista ta ce fanko ne da sifili, don sifili ne kaɗai yaren da mai masauki ke ganewa a matsayin babu komai. A Windows ana amfani da SDelete, ƙaramar manhajar da Mark Russinovich ya rubuta a cikin tarin Sysinternals, wanda Microsoft ya saya a 2006. Umarnin shi ne sdelete64 -z c: kuma yakan daɗe a kan kashi 100 kamar ya maƙale. A yi haƙuri, aiki yake yi. Yana da kyau a fara tattara fayilolin wuri ɗaya da manhajar Defragment kafin wankin, saboda mai masauki ba ya karɓar fegi sai ya zama sifili daga farko har ƙarshe. Ɗan ƙaramin fayil guda a tsakiyar fegin megabait ɗaya ya isa ya riƙe fegin duka.

A Linux akwai zerofree na Ron Yorston, mai aiki da tsarin ext2 zuwa ext4. Sharaɗinsa shi ne kada faifan ya kasance ana rubutu a kansa, don haka akan tayar da baƙuwar daga ISO, ko a shiga yanayin gyara a mayar da faifan na karatu kawai, sannan a ba da umarni irin zerofree -v /dev/sda2, gwargwadon sunan da ɓangaren ya ɗauka. A duba sunan da lsblk, kada a yi kintace.

Akwai gajeriyar hanya da ta shahara: a sa dd ya rubuta ƙaton fayil na sifili har faifan ya cika, sannan a goge shi. Tana aiki, amma tana da haɗari. A wasu nau'ukan faifai wannan rubutun kan sa fayil ɗin ya kumbura zuwa iyakar girman da aka ba shi. Wanda ya ba baƙuwa giga 100 alhali saura giga 15 a laftof ɗinsa, zai cike mai masaukin ya tsayar da komai.

Hawa na uku: karɓe fegi

A kashe baƙuwar. Ga mai VirtualBox, umarnin ba ya cikin maɓallan da ake dannawa, sai an rubuta shi: VBoxManage modifymedium disk, sai cikakken sunan fayil ɗin, sai --compact. An yi shi ne don VDI. Idan baƙuwar ta zo da VMDK, kamar yadda yawancin waɗanda ake shigowa da su daga dunƙulallen fayil na OVA suke, sai a kwafe ta zuwa VDI da VBoxManage clonemedium da --format VDI, a jona sabon faifan, a gwada ya tashi lafiya, sannan a rabu da tsohon.

VMware Workstation, wanda Broadcom ya mayar kyauta a 2024 bayan ya sayi kamfanin a ƙarshen 2023, yana da maɓallin Clean Up Disks ga baƙin Windows, da Compact a saitin faifai. Daga cikin baƙuwar Linux kuma vmware-toolbox-cmd disk shrink / yana haɗa wanki da matsewa lokaci ɗaya. Mai Hyper-V na Microsoft yana da Optimize-VHD da -Mode Full. Mai QEMU kuma qemu-img convert -O qcow2 zai fitar masa da sabon fayil da babu fegin sifili a ciki, ko ya yi amfani da virt-sparsify, wanda ke yin wankin da kansa. Duk hanyar da ke fitar da sabon fayil tana bukatar wurin da zai ɗauki tsoho da sabo a lokaci guda, shi ya sa faifan waje ke da amfani a nan ma.

Hotunan da suka zama kaya

Wani lokaci an yi duk wannan amma foldar ba ta ragu sosai ba. To a duba hotunan hali, waɗanda ake kira sinafshot. Idan ka ɗauki ɗaya, manhajar takan daskarar da asalin faifan, ta buɗe sabon fayil inda duk wani canji zai riƙa shiga. Abin da ke cikin daskararren faifan ba ya goguwa, ko da ka goge shi a cikin baƙuwa, domin alkawarin da aka yi maka shi ne za ka iya komawa ranar. Ɗalibin da ke ɗaukar hoto kafin kowane gwaji, wanda ɗabi'a ce mai kyau, zai wayi gari da sarƙar fayiloli goma, kowanne na dogara da wanda ya gabace shi.

A VirtualBox suna zaune a foldar Snapshots da dogayen sunaye na lambobi da haruffa. Ganin ba su da ma'ana ya sa wasu ke goge su da hannu, kuma wannan ita ce ɓarna mafi muni a harkar, don an tsinke sarƙa a tsakiya. A goge su daga cikin manhajar, ita za ta narkar da canje-canjen cikin faifan asali. Aikin na cin lokaci kuma yana bukatar fili, saboda haka kada a jira sai faifai ya cika maƙil. VMware ma ba ya yarda ya matse faifai daga cikin baƙuwa muddin akwai hoto a kansa. Haka nan dakatar da baƙuwa maimakon kashe ta yana zuba abin da ke cikin ram a fayil, mai giga 4 na ram na iya samun ƙarin kaya har kusan wannan adadin.

Baƙin da suka shigo ba sallama

Akwai masu rantsuwa cewa ba su taɓa girka VM ba, alhali suna da ita. WSL 2, da ya zo wa jama'a a Windows 10 a 2020 don a riƙa gudanar da Linux kai tsaye, kwamfutar kwaikwayo ce, kuma tana ajiye komai a fayil mai suna ext4.vhdx can cikin foldar AppData da ke ɓoye. Docker Desktop ma haka yake yi. Halinsu ɗaya da na sauran, suna girma ba sa komawa. Bayan shara a ciki, a ba da wsl --shutdown, a buɗe diskpart, a nuna masa fayil ɗin da select vdisk, a jona shi na karatu kawai da attach vdisk readonly, a ce compact vdisk, sannan detach vdisk. Wannan hanyar tana aiki har a Windows Home, inda babu Optimize-VHD.

Inda dabarar ba ta ci

Faifai mai tsayayyen girma ba ya matsuwa, sai an kwafe shi zuwa mai girma a hankali. Haka faifan da aka kulle da BitLocker ko LUKS: sifilin da baƙuwa ta rubuta yakan fito wa mai masauki a hargitse kamar kowane rubutu, don haka wankin na iya ƙara girman fayil ɗin a maimakon rage shi. Sababbin fitowar Windows 11 kan kunna kullen da kansu a wasu lokuta, ya kamata a duba kafin a fara. Sannan matsewa ba ta rage iyakar da aka ba faifan. Na giga 80 yana nan na giga 80 a idon baƙuwa, kuma zai sake hawa idan aka koma tsohon hali.

Kada a koma gidan jiya

Akwai hanyar sa baƙuwa ta riƙa sanar da mai gida da kanta. Faifan SSD na da umarni mai suna TRIM, wanda tsarin ke gaya wa faifai cewa wuri kaza ya zama fanko. Idan aka nuna wa baƙuwa cewa faifanta SSD ne, aka kuma kunna --discard on a VBoxManage storageattach, ko discard=unmap a QEMU, to sudo fstrim -av a cikin Linux zai mayar da fili ba sai an yi wankin sifili ba.

Saura kuma tsari ne. Mai bukatar baƙi uku iri ɗaya ya girka ɗaya mai tsabta, ya fitar da sauran a matsayin kwafi masu jingina da ita, kowanne canjinsa kawai zai ajiye. Manyan fayiloli a bar su a foldar tarayya ta mai masauki. Mai koyon umarnin Linux zalla ya girka Ubuntu Server ko Debian marar tebur, waɗanda 'yan giga kaɗan ke isar su. Hoton hali kuma a goge shi da zarar gwajin ya wuce lafiya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ba a cika yi ba: wannan baƙuwar, yaushe rabon da a kunna ta? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma a laftof ɗin ɗalibai da yawa akwai baƙin da aka girka don darasin mako guda, shekara ta zagayo suna nan. Irin waɗannan a fitar da su a matsayin OVA, wanda ke dunƙule komai a fayil ɗaya matsattse, a gwada shigo da shi sau ɗaya don a tabbatar yana tashi, a ajiye a faifan waje. Wajen cirewa a VirtualBox za a ga zaɓi biyu, cire suna kawai ko goge fayilolin duka. Wanda ya danna na farko, sunan zai ɓace daga jeri, giga 60 ɗin kuma suna nan a foldar VirtualBox VMs, layin faifan C bai fasa zama ja ba.